Yadda gizo-gizo ke bin iska da buhunan kaya zuwa sababbin ƙasashe

Duk wanda ya san mahaɗar hanyoyin garin Jega da ke Jihar Kebbi ya san irin kayan da ke ratsa yankin dare da rana. Tireloli shaƙe da albasar Aliero na nufar Kudu ta Maiyama da Koko da Yawuri, motocin shinkafa da gero na shiga suna fita, wasu kuma na fitowa daga iyakokin Nijar da Benin ɗauke da tayoyi da kayan gwanjo. Ana ƙirga buhuna, ana biyan kuɗin dako, ana yanka rasit. Sai dai akwai fasinjan da ba ya shiga lissafin direba ko na dillali, wato gizo-gizo, wanda kan laɓe a bakin buhu ko cikin taya ko ƙarƙashin kujerar mota, ya sauka a garin da kakanninsa ba su taɓa takawa ba.

Lamarin ya wuce abin sha'awa kawai. Gizo-gizo na daga cikin manyan masu rage ƙwarin da ke cin amfanin gona da waɗanda ke damun mutane a gida. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu nau'o'insa da aka kai ƙasashen da ba nasu ba sun kori 'yan asalin wurin, wasu sun jawo wa hukumomin lafiya sabon aiki. Sanin yadda wannan halitta ke tafiya zai taimaka wa manomi da ɗan kasuwa da magidanci su bambance wanda ya kamata a bari da wanda ya kamata a yi hattara da shi.

Halittar da ba ta da fiffike amma ta cika duniya

Masana ba sa lissafa gizo-gizo cikin jerin ƙwari irin su ƙuda da sauro da fara. Ƙwaro ƙafa shida gare shi, gizo-gizo kuwa takwas, kuma danginsa na kusa su ne kunama da kaska. Babu nau'insa ko ɗaya da ke da fiffike. Duk da haka ana samun sa a kowace nahiya in ban da Antatika, daga tsakiyar hamada har kan tsaunuka masu ƙanƙara da tsibiran da ke can tsakiyar teku.

Kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda gidan adana tarihin halittu na birnin Bern a ƙasar Suwizalan ke kula da shi, ya cika nau'i 50,000 a watan Afrilun 2022, kuma kowace shekara ana ƙara sababbi. Wani lissafi da masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, suka wallafa a 2017 ya nuna cewa gizo-gizon duniya baki ɗaya na cinye tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da sauran ƙananan halittu a kowace shekara.

Hanyoyi uku ne suka ba shi damar wannan yaɗuwa. Biyu daga ciki, iska da ruwa, tsofaffi ne da suka girmi ɗan Adam. Ta ukun ita ce fatauci, wadda ta fi sauran sauri a wannan zamani.

Tafiya a kan silili

Idan 'ya'yan gizo-gizo suka fito daga jakar ƙwai, sukan kai ɗaruruwa a wuri guda. Zama tare na nufin yunwa, kuma manyan cikinsu kan cinye ƙanana. Saboda haka kowane kan nemi hanyar barin gida da wuri. Ɗan gizo-gizon yakan hau kan tsinin ciyawa ko kan kara ko dangar gona, ya miƙe a kan ƙafafunsa, ya ɗaga ƙarshen cikinsa sama, sannan ya saki silili ɗaya ko da yawa. Da zarar iska ta ja zaren da ƙarfin da ya fi nauyinsa, sai ya saki abin da ya riƙe ya tashi.

Mafi yawan irin wannan tafiya gajera ce, daga wannan kunya zuwa waccan ko daga gona zuwa gonar maƙwabci. Amma wani lokaci iska mai ɗumi da ke tashi daga ƙasa, irin wadda ke haifar da guguwa a lokacin bazara, kan ɗaga shi zuwa sama sosai. Wani masanin ƙwari ɗan Amurka, P. A. Glick, wanda ya riƙa ɗaura tarko a jikin jirgin sama a Jihar Luwiziyana, ya ba da rahoto a 1939 cewa an kama gizo-gizo a tsayin da ya haura mita 4,000.

Tun kafin wannan, a 1832, Charles Darwin yana cikin jirgin ruwan Beagle a gefen gaɓar Ajantina, kimanin kilomita 100 daga tudu, ya ga ɗimbin ƙananan gizo-gizo sun sauka a kan igiyoyin jirgin. Ya kuma lura cewa sukan sake tashi da sauri ko da iska ta kwanta. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, har zuwa 2018 lokacin da Erica Morley da Daniel Robert na Jami'ar Bristol a Ingila suka nuna cewa gizo-gizo na jin ƙarfin lantarkin da ke tsakanin ƙasa da sararin sama ta wasu siraran gasu da ke ƙafafunsa. Sun sanya shi cikin akwatin da iska ba ta motsi, suka kunna irin wannan lantarki, sai ya ɗaga ciki ya saki zare, wasu ma suka tashi. Da suka kashe, sai waɗanda suka tashi suka sauko.

Babban misalin amfanin wannan dabara shi ne tsibirin Krakatau na Indonesiya. Dutsen da ke wurin ya yi aman wuta a watan Agustan 1883, toka mai zafi ta binne duk wani abu mai rai. Bayan wata tara, wani Bafaranshe mai suna Edmond Cotteau ya zagaya abin da ya rage na tsibirin yana neman alamar rayuwa. Abin da ya samu shi ne ɗan ƙaramin gizo-gizo guda ɗaya yana saƙa, alhali tazarar wurin da manyan tsibiran Jaba da Sumatara ta kai kusan kilomita 40.

Sararin samaniyar Sahel ma hanya ce

Yankin Kebbi na tsakanin manyan iskoki biyu. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Da damina kuma iska na juyawa, ta fito daga kudu maso yamma da danshin teku. Duk ƙaramar halittar da ta shiga sama a wannan yanki tana iya samun abin hawa zuwa kudu a wani lokaci, zuwa arewa a wani.

Wani bincike da aka yi a Mali, aka wallafa a mujallar Nature a 2019, ya nuna girman wannan zirga-zirga. Masu binciken sun rataya raga mai danƙo a jikin balan-balan a tsayin mita 40 zuwa 290, suka kama ƙwari iri-iri, ciki har da sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Lissafinsu ya nuna cewa sauro na iya yin tafiyar da ta kai kusan kilomita 300 a dare ɗaya. Binciken a kan sauro aka yi shi, amma iskar da ta ɗauki sauro ita ce ke ɗaukar ɗan gizo-gizon da ya saki zarensa.

Wannan ne ke bayyana abin da manoman fadamar Gulbin Zamfara ke gani bayan ruwa ya janye. Filin da ya kwashe makonni a ƙarƙashin ruwa, da an dasa shinkafa ko albasa, ba a daɗewa sai a wayi gari raɓa ta bayyana ƙananan saƙa a tsakanin ganyaye. Wasu masu saƙar sun tako ne daga kunyoyi da ciyayin gefen gona, wasu kuma daga sama suka sauko.

Ba kowane nau'i ke iya wannan tafiya ba. Manyan gizo-gizo masu gashi da ke zama cikin rami sun yi nauyi, 'ya'yansu da ƙafa suke watsuwa, shi ya sa irinsu kan taƙaita a yanki guda na tsawon zamani.

Hanyar ruwa

Ruwa ma na ɗaukar gizo-gizo. Jikin da yawa daga cikinsu ba ya jiƙewa da wuri, kuma rashin nauyi na ba su damar tsayawa a kan ruwa. A 2015 masu bincike a Jami'ar Nottingham ta Ingila sun nuna cewa ƙananan gizo-gizon da suka faɗa kan ruwa na ɗaga ƙafafun gaba ko ciki domin iska ta tura su kamar jirgin ruwa mai filafilai, sannan su saki zare cikin ruwan idan suna son rage gudu.

Ambaliya kan kwashe su da yawa a lokaci guda. A ambaliyar da ta auka wa lardin Sindh na Pakistan a 2010, an ga itatuwa lulluɓe da saƙa tun daga sama har ƙasa, saboda halittun da ruwa ya koro sun taru a kansu. A Kebbi, inda ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawa, duk tarin ciyawa da karan da ruwa ya kwasa daga Gulbin Zamfara zuwa Gulbin Kebbi har Kogin Neja kwale-kwale ne ga ƙananan halittun da suka maƙale a jikinsa.

Akwai misalin da ya fi wannan ban mamaki. A tsibirin Kangaru na Ostareliya akwai wani gizo-gizo mai zama cikin rami, Moggridgea rainbowi, wanda duk danginsa na kusa a Afirka suke. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ya rabu da 'yan uwansa na Afirka ne tsakanin shekara miliyan 2 zuwa 16 da suka wuce, wato bayan nahiyoyin sun daɗe da rabuwa, kuma tun kafin a fara tafiyar jiragen ruwa. Bayanin da ya fi dacewa da wannan shi ne kakanninsa sun ƙetare kusan kilomita 10,000 na Tekun Indiya a kan tarin ƙasa da itacen da ruwa ya yanko.

Fatauci ya gajarta tafiyar

Abin da iska da ruwa ke yi cikin dubban shekaru, jirgin dakon kaya na yin sa cikin makonni. Jega ba baƙuwa ba ce ga wannan harka. Tun ƙarni na 19 ta shahara a matsayin babbar kasuwa kuma zangon fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro. Huhun goro da aka naɗe da ɗanyen ganye, ana yayyafa masa ruwa a hanya, wuri ne mai laima da duhu irin wanda ƙananan halittu ke so. Bambancin jiya da yau shi ne sauri da yawa. Ayarin jakuna kan shafe watanni a hanya, tirela kuwa kan kai albasa Legas cikin kwana biyu ko uku, kwantena kuma kan taso daga Asiya ta iso Apapa ko Kwatano ba tare da an buɗe ta ba.

Masana biyu na Jami'ar Bern, Manuel Kobelt da Wolfgang Nentwig, sun ƙirga a 2008 cewa nau'i 87 na gizo-gizo ne suka shiga Turai daga wasu nahiyoyi cikin kimanin shekara 150, kuma yawan shigowarsu na tafiya daidai da ƙaruwar cinikayya. Hanyoyin da aka fi samun su su ne 'ya'yan itace, shuke-shuken da ake sayarwa cikin tukwane, katakon ɗaure kaya da kwantenoni.

Abubuwa uku ne suka sa gizo-gizo ya dace da irin wannan tafiya. Yana iya jure yunwa na makonni, wasu ma watanni. Macen na ajiye maniyyin namiji a jikinta, don haka mace ɗaya da ta riga ta yi barbara ta isa ta kafa zuri'a a sabon wuri. Sannan ƙwan na cikin jakar da aka saƙa da zare mai kauri, wadda ke kare shi daga bushewa, kuma feshin da aka yi sama-sama ba ya ratsa ta yadda ya kamata.

Misalai sun yi yawa. Gizo-gizon Ostareliya mai jan baya, wanda ke da dafi mai ƙarfi, ya bayyana a yankin Osaka na Japan a 1995, yanzu kuma ya bazu a mafi yawan lardunan ƙasar. Wani nau'in da ya fito daga tsibiran Kanari da Madera an fara ganin sa a garin Torquay na Ingila a 1879, ya daɗe a kudancin ƙasar kafin ya bazu zuwa arewa da Ayalan. Gizo-gizon Joro na Gabashin Asiya kuwa an tabbatar da shi a Jihar Jojiya ta Amurka a 2014, kuma tuni ya shiga jihohin maƙwabta. A nan hanyoyin biyu suka haɗu: fatauci ya ƙetarar da shi teku, 'ya'yansa kuma suka ci gaba da tafiya a kan iska.

Baƙin da suka zama 'yan gida

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wasu baƙin gizo-gizo sun zauna a Afirka ta Yamma har an manta da cewa zuwa suka yi. A kusurwar ɗakuna da shaguna da ma'ajiyar hatsi akwai wani mai dogayen ƙafafu sirara, wanda ke rataye a birkice, kuma yana karkaɗa jiki da sauri idan aka taɓa saƙarsa. Macensa na riƙe ƙwanta a baki. Bernhard Huber na gidan tarihin halittu na Koenig da ke birnin Bonn a Jamus da Peter Kwapong na Jami'ar Cape Coast a Ghana sun yi nazarin wannan dangi a Afirka ta Yamma a 2013, suka nuna cewa wasu daga cikin waɗanda ke zama a gidajen mutane ɗan Adam ne ya yaɗa su. Daga ciki akwai Physocyclus globosus wanda asalinsa nahiyar Amurka ne, da Crossopriza lyoni wanda ya bazu a ƙasashe masu zafi na duniya. A Tailan an taɓa nazarin wannan na biyun saboda yadda yake kama sauron da ke yaɗa zazzaɓin denge.

Haka ma wani babba mai faɗin jiki da gudun tsiya, Heteropoda venatoria, wanda ke fitowa bango da dare yana farautar kyankyaso. Daga Asiya ya fito, amma jiragen ruwa sun kai shi kusan duk ƙasashe masu zafi. Girmansa na tsorata mutane, alhali aikin da yake yi a ɗakin girki ya fi illarsa yawa.

Irin waɗannan nau'o'i sun saba da zama kusa da mutum. Ginin siminti da rufin kwano da silin da fitilar da ke tara ƙwari da dare kusan iri ɗaya ne a Jega Magaji da Mumbai da Hawana, don haka wanda ya iya rayuwa a ɗaya zai iya a sauran.

'Yan Afirka da suka yi ƙaura

Afirka ma ta fitar da nata. Ɗan ƙaramin gizo-gizo mai ruwan toka da ke tsalle a jikin bango da rana yana kama ƙuda, Menemerus bivittatus, ɗan wannan nahiya ne, amma yau ana ganin sa a Amurka da Asiya da Ostareliya. Cyrtophora citricola, mai yin saƙa kamar tanti a kan itatuwa, wanda Afirka na cikin gidajensa na asali, ya bayyana a Kolombiya a 1996 da Jihar Fulorida a 2000, inda saƙarsa ke lulluɓe rassa. Wani nau'in daga Afirka ta Kudu, Steatoda capensis, ya mamaye tudun yashin gaɓar tekun New Zealand, inda yake maye gurbin gizo-gizon katipo na asalin ƙasar.

Wanda ya fi shahara shi ne Latrodectus geometricus, wanda Turawa ke yi wa laƙabi da bazawara mai ruwan ƙasa. Masana da dama na ganin Afirka ce asalinsa. Ana gane shi da wata alama mai ruwan lemu a ƙarƙashin cikinsa mai siffar kalangu, jakar ƙwansa kuma na da tsini-tsini kamar ƙarangiya. Kowace jaka na ɗauke da ƙwai 120 zuwa 150, kuma mace ɗaya na iya yin jaka kusan 20 a rayuwarta. Wuraren da ya fi so su ne ƙarƙashin kujerun roba, bakin bokiti, tsofaffin tayoyi da jikin motar da ta daɗe a ajiye, wato ainihin kayan da ake yawo da su. An san shi a Fulorida tun 1935, ya bayyana a kudancin Kalifoniya a farkon shekarun 2000. Wani bincike na Jami'ar Kudancin Fulorida a 2023 ya gano cewa yana kai wa danginsa baƙar bazawara, 'yar asalin wurin, hari fiye da ninki shida na yadda yake kai wa sauran nau'o'in da aka gwada.

Abin da ke sa wani ya zauna, wani ya mutu

Yawancin gizo-gizon da suka isa sabuwar ƙasa ba sa kai labari. Wanda ya fito daga dajin Kudu mai laima ya sauka a Jega cikin zafin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, da wuya ya kwana biyu a fili. Wanda ya tsira daga zafi zai gamu da ƙadangare da tsaka da tsuntsaye da kuma zanzaro, wanda ke sumar da gizo-gizo da harbinsa ya cusa shi cikin ɗakin laka domin 'ya'yansa su ci.

Waɗanda ke yin nasara su ne masu yawan haihuwa, marasa zaɓen abinci, masu jure zama a wurin da mutum ya sauya. Sauyin da ake yi wa ƙasa na buɗe musu ƙofa. Noman rani ya samar da laima a watannin da a da ƙasa ke bushe ƙamas, garuruwa na faɗaɗa, itatuwan daji na raguwa. Wannan na shafar 'yan gida ma. Babban gizo-gizo mai saƙar zare ruwan zinare, Trichonephila senegalensis, wanda ke ɗaura saƙarsa tsakanin itatuwa a dazukan Afirka ta Yamma, na buƙatar itace da inuwa. Inda aka sare su, sai masu son bango da rufin kwano su gaje wurin.

Abin da ya shafi manomi

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman shinkafa ya ƙara bunƙasa a jihar, amfani da maganin feshi ma ya ƙaru. A nan akwai darasi daga Indonesiya. A shekarun 1970 da 1980 manoman shinkafar ƙasar sun yawaita feshi, maganin ya kashe gizo-gizo da sauran masu farautar ƙwari, sai wani ɗan ƙwaro mai tsotse ruwan shinkafa ya samu sarari ya yi ɓarna mai yawa. A 1986 Shugaba Suharto ya haramta amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa, aka koma koya wa manoma duba gona kafin feshi.

Dalilin abin da ya faru a bayyane yake. Ƙwaron da ke cin shuka na hayayyafa cikin 'yan makonni, gizo-gizo kuwa na ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ya girma ya haihu. Idan feshi ya share su duka, mai ɓarnar ne ke fara dawowa. Abin da ke gaggauta dawowar gizo-gizo shi ne samun mafaka a kusa, kamar ciyawar kan kunya da shingen gona da itatuwan gefen fadama, inda zai tako ko ya taso a kan zarensa. Manomin da ya ƙone ko ya fesa kowane lungu na gonarsa ya rushe masaukin ma'aikatan da ba ya biya.

Batun cizo da tautau

Kusan kowane gizo-gizo na da dafi, amma na kama ƙwari ne, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikin nau'i fiye da 50,000 ke iya yi wa mutum illa mai tsanani. A ƙasar Hausa an saba danganta wasu ƙuraje masu raɗaɗi da ke fitowa a wuya ko fuska da tautau. Sau da yawa mai laifin wani siririn ƙwaro ne mai launin baƙi da ja, Paederus, wanda ke yawaita kusa da gonakin shinkafa, kuma hasken fitila na jawo shi ɗaki. Ba ya cizo. Idan aka murje shi a kan fata ne ruwan jikinsa ke ƙona wurin. Abin yi shi ne a hure shi ko a kakkaɓe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu.

Idan kuwa gizo-gizo ne ya ciji mutum, a wanke wurin, a ɗora tsumma mai sanyi, kada a tsaga kuma kada a ɗaure. Idan aka ga ciwon ya bazu, jijiyoyi na ɗaurewa, gumi na karyowa ko ciki na murɗawa, musamman ga yaro ko tsoho, a garzaya asibiti.

Rigakafin da ya fi magani

Najeriya ta riga ta ɗanɗana kuɗar baƙin halittu. An gano sauron Asiya mai zane-zane a Jihar Delta a 1991, wanda cinikin tsofaffin tayoyi ya yaɗa a duniya. A 2016 tsutsar tumatir, Tuta absoluta, ta lalata gonaki a Kano da Kaduna, a shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara ta nahiyar Amurka a kudu maso yammacin ƙasar. Gizo-gizo bai yi irin wannan ɓarna ba, amma ƙofar da yake bi ita ce waɗannan suka bi. Ganin baƙon gizo-gizo a cikin kaya alama ce cewa kayan sun shigo ba tare da an duba su da kyau ba.

Duba kayan gona da shuke-shuke a tashoshin ruwa da kan iyakoki aikin Hukumar Killace Kayan Gona ta Najeriya ne, kuma aikin zai ƙaru yayin da cinikayya tsakanin ƙasashen Afirka ke faɗaɗa ƙarƙashin yarjejeniyar da ta fara aiki a Janairun 2021. Masu fitar da albasa na da nasu rabon, domin kayan da aka samu halitta mai rai a cikinsu na iya fuskantar tsaiko a iyakar wata ƙasa. Share rudu da sito kafin a zuba sabon kaya, kakkaɓe tsofaffin buhuna a shanya su a rana, da guje wa jibge tayoyi kusa da ɗakin kwana, matakai ne da ba sa cin kuɗi. Masu lodi da makanikai kuma su riƙa dubawa kafin su zura hannu cikin taya ko lungun da ya daɗe a rufe.

Akwai kuma aikin da ɗalibai da malaman jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero za su iya jagoranta, wato tattara bayanan nau'o'in da ke gidaje da kasuwanni da fadamun yankin. Wayar hannu mai kyamara da manhaja irin iNaturalist sun isa a fara. Wanda ya san 'yan gida ne kaɗai zai iya gane baƙo ranar da ya sauka, kuma a lokacin ne shawo kansa ya fi sauƙi da araha.